Duwatsun Yaya Tordis

A tsibirin Brimsøy, can ƙuryar arewacin duniya, mu biyu muka rage, ni da yayata Tordis. Sauran gidajen suna nan tsaye da katako a tagoginsu. Masu su kan zo sau ɗaya a shekara su yanke ciyawa, su ɗauki hoto, su koma birni suna ba da labarin yadda kewar gida ke damunsu. Gidan Yaya na kan tudu, nawa na ƙasa kusa da inda jirgin ruwa ke tsayawa. An sha tambayarmu me ya hana tsofaffi biyu haɗa murhu ɗaya. Mun gwada shekarar da mijinta ya rasu, muka ga in ana son zumuncin ya ɗore, gara kowa ta koma gidanta. Kullum dai da hantsi nakan hau tudun in dafa mana gahawa, ta ce ta yi ɗaci, in ce ta tashi ta dafa da kanta, mu sha, in sauko. Wannan hawa da saukar su ne rayuwata gaba ɗaya, kuma da wani ya faɗa mini haka a lokacin da na yi masa dariya.

Idon Yaya ne ya fara mutuwa. Ba lokaci ɗaya ba, a hankali yake tafiya, daga tsakiya. Tana ganin gefen abu amma ba ta ganin abin, ta ga kunnuwanka ba ta ga fuskarka ba. Da ƙanƙara ta narke a wannan shekarar sai ga ɗanta tilo, Hallvard, ya sauko daga jirgi da ledar lemo da fuskar mutumin da ya haddace abin da zai faɗa tun daga birnin Bodø. Ma'aikacin wutar lantarki ne, mutum mai kirki, irin kirkin da ke sa ka ji kamar ka kai masa mari.

Ya bari sai da muka ci burodi da jan cuku, sannan ya ture faranti gefe.

"Mama, kin dai ji abin da likita ya ce. Duk wata sai an yi miki allura a idon nan. In ana tsallakewa, ɗan hasken da ya rage ma tafiya zai yi. Kin kuma san halin jirgi da hunturu, ya zo yau, ya ɓace sai an manta kamanninsa."

"Na ji."

"Ɗakinki a gidana na nan a shirye. Tagarsa ma teku take kallo."

"Wace teku? Wadda ake leƙowa ta tsakanin motoci?"

Ya juyo gare ni. "Inna Borghild, ki sa baki mana."

"Ni a su wa? Uwarka ce. Tun ina goye ba ta taɓa jin maganata ba."

Yaya ta daɗe tana juya kofinta a kan tebur. Can ta ce, "Ba zan ce eh ba, ba zan ce a'a ba, sai na tambayi duwatsu."

Hallvard ya rufe ido. Duwatsun da take nufi na kakarmu Ingeleiv ne, ƙanana ashirin da huɗu a jakar fata, kowanne da harafinsa na runa, baƙaƙen mutanen dā. Kakarmu na zuwa coci duk Lahadi, amma kafin ta sayar da tunkiya sai ta sa hannu a jakar. Yaya ta gaji jakar ta gaji halin. Da su ta yanke shawarar auren Sigvat, da su ta ƙi sayar da kwalekwalensa. Ni ban taɓa yarda da su ba, dutse dutse ne. Sai dai jakar ba ta nan. Tana rataye a rumfar kwalekwale hunturun da teku ta yi fushi ta kwashe rumfar da duk abin da ke cikinta.

"Akwai su a kanti, Mama," in ji Hallvard. "Inda baƙi ke sayen tsaraba. Har da 'yar jakarsu mai kyau."

"Na roba ko? Dutsen da bai taɓa jin ruwan gaɓar nan ba, me ya sani a kaina? Auta za ta sassaƙa mini."

Ni ce Auta, da furfurata da komai. Na ce, "In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Tun yaushe kika shirya mini wannan aikin?"

"Ban makance ba tukuna, mara kunya. Kin ƙare rayuwarki kina sassaƙa wa matattu, yau ki yi wa mai rai."

Gaskiyarta ce. Ni na gaji Baba wajen sassaƙa sunaye a duwatsun kabari, rabin maƙabartar tsibirin nan aikin hannuna ne. Tun da mutane suka daina mutuwa a nan suka koma mutuwa a asibitin birni, ƙarafan aikina suke naɗe a tsumma. Aka tsaya a kan cewa Hallvard zai dawo a ƙarshen rani, kafin rana ta fara ɓuya, ya ji amsa. Ya tafi yana ganin ya yi nasara. Ni kuma na sauko tudun ina lissafa, a karon farko, yadda tsibirin zai kasance in babu kowa a gidan sama.

Ba zan ɓoye ba, ban yi gaggawa ba. Muddin jakar ba ta cika ba, babu tambaya, babu amsa.

Da ruwa ya janye nakan ɗauki bokiti in gangara gaɓar yamma, inda igiyar ruwa ta daɗe tana murza tsakuwa. Kwasar farko na ci karo da abin da duk ɗan bakin teku ya sani amma yake mantawa. Jiƙaƙƙen dutse maƙaryaci ne. A cikin ruwa dukkansu baƙaƙe ne wuluk, suna sheƙi, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Na shanya su a dakalin ƙofa, da suka bushe sai ga wannan toka-toka, wancan ja-ja, wani da farin zane a ciki. Na zubar da su na koma. Daga nan na koyi ɗaukar dutse in sa shi a aljihu, in ci gaba da tafiya har ɗumin jikina ya busar da shi, sannan in duba ko ya cancanta.

Waɗanda suka tsira daga wannan sai in kai wa Yaya. Ta zauna bakin taga da zane a cinya, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana murzawa da babban yatsa.

"Wannan ya yi ƙiba."

"Ke ma haka, ba a jefar da ke ba."

"Wannan kuma kamar haƙorin doki. Auta, ido gare ki ko ado?"

Sai ta wurga shi cikin kwandon itace. A raina ina jin daɗin duk wanda ta wurgar. Wani lokaci nakan yi zargin ita ma ba sauri take ba, amma ban tambaya ba, kuma daga baya na gane ban fahimci komai ba.

Sassaƙar ita ce wahalar. Dutsen kabari yana da faɗi, yana kwance yana jiranka. Tsakuwa kuwa ba ta fi ƙwan tsuntsun teku ba, ka buge ta ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin kabad. Na cika tsohuwar tukunya da yashi mai danshi, ina binne kowace rabi a ciki, sannan in ɗora bakin ƙarfe in riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma a hankali, kamar mai buga ƙofar mara lafiya. Baƙaƙen runa ba su da lanƙwasa, duk miƙaƙƙun layuka ne, wanda bai taɓa yi ba sai ya ce da sauƙi. Dutse na farko ya rabe biyu a layin ƙarshe. Na biyu ma haka. Na uku ƙarfen ya zame ya shiga tsakanin yatsuna, na yi zagin da rabona da shi tun Baba na da rai, babu mai ji sai tumaki.

Yaya ce ke faɗa mini wanda zan yi. Ta zana shi da yatsa a tafin hannuna, ta faɗi sunansa yadda kakarmu ke faɗa. Dukiya, Ƙaya, Fitila, Kyauta, Ƙanƙara, wanda shi layi ɗaya ne tak a tsaye. Gado, mai kama da ɗan gida da ƙafafu biyu a harɗe. Hanya, mai ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a gaba kamar mai shirin takawa. Ranar da na kai mata na farko da ya fita lafiya, ta kai shi kusa da fuska, ta karkata kai, ta juya shi ta ko'ina.

"Ba na ganin komai," ta ce. Ba ta yi tsiya ba wannan karon, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na karɓe shi na koma gida na zurfafa layukan. Na ce in ido ya ƙi, yatsa ya karanta. Duk sauran haka na yi musu, na haƙa su da zurfi har farce na iya shigewa, na bi gefen kowane layi da magagari don kada ya yanke ta. Bayan nan in zauna a dakali ina goge dutsen da yashi mai laushi da tsumman ulu. A nan wajenmu rana ba ta faɗuwa da rani, ba abin da ke gaya maka ka tashi. Nakan zauna da dutse ɗaya a hannu ina juya shi har hannun ya gaji, ba motsin kowa sai kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa a jikin ginshiƙan gadar da jirgi ke tsayawa. Akwai ranakun da in ban da hawan hantsi ba na buɗe baki sam.

Launi kuma na yi irin wanda muke shafa wa rumfunan kwalekwale, jar ƙasa a dama da man hantar kifi. Na cusa shi cikin layukan da tsinke, na jera duwatsun a kan katangar lambu su sha iska. Wautar da na yi ke nan. Man kifi ai kiran sallah ne ga duk mai fiffike a tsibirin. Na shiga ɗauko ruwa, na fito na tarar da wani baƙin hankaka tsaye a katangar, ya dube ni da ido ɗaya, ya ɗauki dutse ya tashi da shi hankalinsa kwance.

"Wanne ya ɗauka?" in ji Yaya da na ba ta labari.

"Kyauta."

Ta yi dariya har da hawaye, tana dukan tebur. "To ai ya fi ki iya karatu." Rabon da in ji wannan dariyar tun Sigvat na da rai. Na sake sassaƙa wani ban ji haushi ba.

Rani ya fara juya baya, ciyawa ta yi ja, saura duwatsu kaɗan. Wata rana na hau tudun da hantsi na tarar da ƙofa a buɗe, murhu a mace, ba Yaya. Na kira, shiru. Na zaga bayan gida, na leƙa garken tumaki. Hazo ne ya sauko tun safe, irin wanda ke haɗe teku da sama su zama abu ɗaya. Daga kan tudun na hango wani baƙin abu can a gaɓar yamma, a kan yashin da ruwa ke rufewa in ya dawo, kuma yana dawowa.

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na same ta tsaye cik, ruwa ya wuce idon sawunta, ta rungume bokiti a ƙirji. Fuskarta na kallon teku, ta ba tsibirin baya.

"Yaya."

Ta juyo da sauri, ba daidai inda nake ba. "Auta? Ina gida yake?"

"Ga shi bayanki. Me ya kawo ki nan?"

"Cewa na yi in taya ki neman na ƙarshen. Sai komai ya zama fari. Na ji ruwa ta nan, na juya na ji shi ta can." Ta ƙara ƙanƙame bokitin. "A gaɓar nan aka haife ni, Borghild."

Ba ta cika kiran sunana ba. Na kama hannunta, sanyi ƙalau kamar kifi, na ja ta muka fito. A gida na hura wuta, na cire mata safa, na sa ƙafafunta a ruwan ɗumi. Ba wadda ta yi wa wata tsiya. Da zan tafi ta ce kada in faɗa wa Hallvard, na ce to. Na sauko ina jin haushinta, ina jin haushin hazo, ina jin haushin kaina fiye da duka, don na ga abin da nake ta kauce wa gani. Daga ranar na daina jan ƙafa, na gama sauran duwatsun, na ɗinka jaka da fatar tunkiya.

Hallvard ya zo ranar da ya ce. Da rana tsaka muka zauna a kicin ɗin Yaya. Ta sa an share tebur an shimfiɗa farin ƙyalle, ta sa rigarta ta zuwa coci. Na ajiye jakar a gabanta. Ta kwance bakin, ta faɗi tambayarta a fili kamar mai magana da kurma: ta bi ɗanta, ko ta zauna. Ta zura hannu. Sai na ga hannun ya tsaya, ta zaro shi ba komai a ciki.

"Auta, kin ɓata aikin."

"Da na yi me?"

"Kin haƙa su kamar rijiya. Ina taɓawa ina karantawa. Ga Doki, ga Rana, ga Ƙaya. Wannan ai ba tambaya ba ce, zaɓe ne. Na Kaka sumul suke, sai ka fito da dutse ka san abin da ka ɗauko."

Don ita na zurfafa su, kuma ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba.

"Kawo in ciro miki, Mama," in ji Hallvard.

"Kai? A ba kura ajiyar nama? Ka riga ka shimfiɗa mini gado a gidanka." Ta turo jakar wajena. "Ke za ki ciro. Hannunki ya yi kanta kamar kofaton doki, ko ƙusa kika taɓa ba ji za ki yi ba. Kuma ke ba ruwanki. In tafi, in zauna, duk ɗaya ne a wurinki. Tun kina yarinya ba ki taɓa buƙatar kowa ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, yabo ma take ganin ta yi. Maganar ta shige ni har ƙashi, amma fuskata ba ta nuna ba, ko da ta nuna ma ba gani za ta yi ba. Na ja jakar na zura hannu.

Gaskiya ne yatsuna ba sa jin layukan sosai. Ba su ma buƙata. Rani guda na yi da duwatsun nan a tafin hannuna. Na san su kamar yadda makiyayi ya san tumakinsa a duhu. Wannan mai ɗan tudu a gefe Fitila ne. Wannan da ya fi sauran sanyi da nauyi, Dukiya. Wannan mai faɗi kamar kunne, sabon Kyauta. Ban nemi sani ba, hannun ne ke faɗa mini tun kafin in tambaye shi. Na gwada damƙar na farko da ya zo, sai na ga na san shi, na saki. Na gwada wani, na san shi. Babu dutse ko ɗaya a jakar da zai fito bisa ƙaddara, duk wanda ya fito ni na fito da shi.

Gado na can ƙasa, mai ɗan lotsawa a baya inda babban yatsa ke zama daidai. Na riƙe shi. In na ciro shi magana ta ƙare, Yaya ba ta taɓa saɓa wa dutse ba, Hallvard ya yi ta lallashi har ya gaji. Gobe da hantsi in hau tudu, jibi ma haka. Kusa da shi ga Ƙanƙara, siriri mai santsi. Shi ma na san yadda za ta karanta shi: a dakata, ba yanzu ba. Hunturu ɗaya kawai, ba wanda zai ce na yi wani abu. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan siririn dutsen ba.

"Kin yi barci ne a ciki?" in ji Yaya.

"Ki bar ni, ba sauri ake ba."

Hunturu ɗaya na nufin allura nawa aka tsallake? Na dube ta. Ta karkata kai tana nemana da gefen ido, ɗan abin da ya rage mata ke nan na gani. Na saki siririn. Hanya na jingine da ɗinkin jakar, mai kaifi kaɗan a kai, shi ne wanda na fi daɗewa ina gogewa don na tsane shi. Na ciro shi na sa mata a hannu.

Ta murza shi sau ɗaya. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, har na tanadi abin da zan ce in rarrashe ta. Sai na ga kafaɗunta sun sauka. Ta saki wani dogon numfashi kamar wadda ta sauke tulu daga ka, fuskarta ta warware, har ƙuruciya ta dawo mata.

"Hanya," ta ce. "Allah na gode maka." Ta lalubo hannun ɗanta ta riƙe. "Wallahi tsoro nake ji kada Gado ya fito. Tun bara nake son tafiya, Auta. Na gaji da tsoro. Na gaji da lalube a gidana kamar ɓarauniya. Amma da wane baki zan ce na bar kabarin Sigvat, na bar gidan Baba, don kawai ina jin tsoro? Yanzu ba ni na faɗa ba."

"To ai shi ke nan," na ce. "Dutse ya faɗa."

"Kin ga kuwa da kike cewa ba su san komai ba."

"Na gani."

Na tashi na ɗora ruwan gahawa, don in samu dalilin ba su baya. A lissafin abubuwan da take jin nauyin bari, na saurara da kyau, ban ji sunana ba. Ban ga laifinta ba. Ni na koya mata haka shekara da shekaru.

Kwashe gida bai ɗauki lokaci ba. Tumakinta suka dawo garkena, kujerar Sigvat ta ƙi shiga jirgi aka bar ta a baranda. Hallvard ya same ni ina ɗaure akwati ya ce, "Inna, ke ma fa akwai wuri. Ba yau ba, amma ki yi tunani." Na ce masa in na tashi zama a bene zan aiko masa. Ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne, ni ma ban san ko wasan ba ne.

Ranar tafiya gari ya yi haske, iska na kaɗawa daga arewa. A kan gadar jirgi Yaya ta buɗe jakar hannunta ta ciro jakar duwatsun ta danna mini a ƙirji.

"Riƙe. Ni sun gama mini aiki. Ranar da taki tambayar ta zo, kin samu abin tambaya."

"Me zan yi da tsakuwa?"

"Ki dafa ki ci. Ke dai ba a yi miki gwaninta." Ta shafa fuskata da hannu, daga goshi zuwa haɓa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Kin tsufa, Auta."

"Ke kika fara."

Hallvard ya riƙe ta suka hau. Na tsaya da jakar a hannu, ko ta bayan fatar ina jin wanda ke ƙarƙashin yatsana, na san sunansa. Wa zai ciro mini? Jirgin ya ja da baya, ya juya hanci. Yaya ta fito ta bayan jirgin ta kama ƙarfe da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan tana kaɗawa da ƙarfi. Ba ni take kallo ba. Juyawar jirgin ta rikita ta, tana ɗaga wa can ƙarshen gadar hannu, inda babu kowa sai tarin igiya. Na so in kira ta, amma injin ya fi muryata.

Sai na taka da sauri na bi gadar har ƙarshe, na je na tsaya a inda take ɗaga wa hannun.